Kajin Goggo Masu Zare a Ƙafa

Washegarin ranar da aka kai Goggo makwancinta, mutane iri biyu ne suka cika gidanta na bayan gari a Kazaure, kuma kowane ɓangare yana mamakin abin da ya kawo ɗayan. Matan unguwa da na ƙauyukan Roni da Gwiwa sun zo ta'aziyyar Hajiya mai kaji, wadda ke aika wa masu ciki dafaffen ƙwai a kwanon sha. Wajen hantsi kuma sai ga motocin jami'o'i suna tsayawa a ƙofar gida, maza da mata masu tabarau suna saukowa, wasu sun kwana a hanya. Su kuma ta'aziyyar Farfesa suka zo.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta jawo gefen mayafina. "'Yar nan, waɗannan su ma ƙwai take ba su?"

Na ce, "A'a, Iya, ɗalibanta ne."

"Ɗalibai? Da furfura?"

Mai furfurar da take nufi shi ne babban ɗalibin Goggo, wanda shi ma yanzu farfesa ne. Bayan an shafa addu'a ya roƙi a kai shi bayan gida. Na kai shi. Ya tsaya a gaban kewayen kaji guda biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, da shingen waya a tsakaninsu. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsu, waɗannan da zare ja, waɗancan da zare shuɗi, sai ya cire tabarau ya fashe da kuka irin na yaro. Tsohuwar nan da ta biyo mu ta riƙe haɓa ta ce, "Allah ya kyauta. Mutum ya bar 'yan gida yana yi wa kaza kuka."

Ban ga laifinta ba. Mutanen garinmu sun san Goggo da kirki da faɗa, amma ba su san aikin da ta ƙare rayuwarta a kai ba. Masu tabarau sun san aikin, ba su san dalilinsa ba. Ni na san duka biyun, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada nan gaba a ce an taɓa yin wata tsohuwa mai son kaji a nan, a tsaya a haka.

Su uku ne wajen iyayensu. Baffa ne babba, wanda Goggo ke kira Hamma, yana rugarsa a wajen Roni har yau. Sai Goggo, sai mahaifina, autansu, wanda ya riga su tafiya. Goggo ta yi aure, mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, wadda suke kira Dada, don haka tun ina zanen goyo babu wanda ya taɓa kama sunana a cikinsu. Uwata suke ce mini. Ko faɗa Goggo za ta yi mini, da Uwata take farawa, sai faɗan ya zo da sauƙi.

Ina 'yar firamare ta fara nuna mini aikinta. Ta zo hutu gidanmu, ta ɗauko ƙwai daga ƙarƙashin kazar Inna mai kwanci, Inna, mahaifiyata, tana mita ita ko a jikinta. Ta zauna a tabarma, ta sa bakin ƙaramin almakashi ta buɗe 'yar taga a jikin ɓawon, ta miƙo mini gilashin ƙara girma.

"Uwata, me kika gani?"

Na ce, "Ɗan tsako ne."

"Ban tambaye ki me kike zato ba. Me kika gani?"

Na sake dubawa. A saman ƙwanduwa akwai jajayen jijiyoyi sirara, a tsakiyarsu wani ɗigo ja yana motsi, yana tsayawa, yana sake motsi. Na ce na ga ɗigon jini yana rawa. Ta ce yawwa, yanzu na yi magana, wannan zuciya ce, kwananta uku kacal a ƙarƙashin kaza, babu baki babu fiffike, amma ta fara aiki. Ranar ban iya cin tuwo ba don mamaki. Inna ta ce an lalata mata ƙwai, an kuma lalata mata 'ya.

Wannan tambayar, me ka gani, ita ce sandar da ta kora ɗalibanta da ita shekara da shekaru. Fanninta shi ne yadda halitta ke ginuwa tun daga ƙwaya ɗaya har ta zama jiki. Abin da ya hana ta barci kuwa shi ne wannan: kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da gado iri ɗaya daga uwa da uba, to yaya aka yi wannan ta zama ido, waccan ta zama hanta? Da na girma na fara karatun kimiyya, ta yi mini bayani da abin da na sani. Ta ce in ɗauka kowace ƙwaya gida ce mai ɗakuna da yawa, kuma duk gidajen ginin su ɗaya. A gidan ido an buɗe wasu ɗakuna an kulle saura, a gidan hanta an buɗe wasu daban. Ginin bai canja ba, makullan ne suka bambanta. Su makullan nan take bincike. Kuma abin da uwa ta ci, ko ta rasa, ko wahalar da ta sha lokacin da ɗa ke ginuwa, yana iya sa a kulle ɗakin da ya kamata a bari a buɗe.

Yadda 'yar makiyaya ta kai ga wannan, fari ne sanadi. Tana yarinya aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke, shanunsu suka ƙare a hanya, iyayenta suka zauna kusa da gari ba abin tatsa. Da babu ƙwaryar nonon da za ta ɗauka, sai aka bar ta ta shiga makaranta. Daga nan ba ta waiwayo ba, har ƙasar waje, inda ta yi digirinta na uku a kan 'yan tayin kaji. Mutanen can sun so su riƙe ta. Ta ce musu kajin garinsu ma suna yin ƙwai.

Ta dawo ta tarar da ɗakin gwaje-gwaje da ba ya samun wuta sai an ga dama. Injin ɗumama ƙwai kuwa in wuta ta ɗauke, aikin wata guda ya mutu. Ta je wajen kafinta ya haɗa mata akwati, ta sa fitilar kananzir da kwanon ruwa a ciki, ta raba wa ɗalibai aikin juya ƙwai. Babban ɗalibinta ya ce duk wanda ya yi karatu a hannunta, ko a ina ka gan shi a duniya, in ka ba shi ƙwai sai ya ɗaga shi sama ya duba shi a haske kafin ya tuna ci zai yi.

Shi ne kuma ya ba mu wani labari a zaman makoki, yana yi yana share ido. Ya ce yana gab da kammala digirinsa ya kai mata sakamako mai kyau, irin wanda ake kiran mutum taro saboda shi. Ta duba ta ce ya yi kyau da yawa, ya je ya sake. Ya sake, abin bai fito ba. Ya sake, bai fito ba. Ya ce ranar ya tsane ta, don ta san tallafin karatunsa ya ƙare, kuma ba wanda zai gane in an bar na farkon. Ta ce masa, "Ni zan gane, kai ma za ka gane." Shekara guda ya ƙara. A shekarar nan kullum da rana sai ga kwanon abinci daga gidanta, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ya ce yanzu shi ma haka yake yi wa nasa ɗaliban, suna tsanarsa, yana ciyar da su.

Kalmar da ta fi yawa a bakinta ita ce, "Ban sani ba tukuna." A gaban manyan masana take faɗar ta, a gaban yara take faɗar ta. Ni kuwa da saurin baki, na taɓa ce mata, "Goggo, farfesa guda, kullum ba ki sani ba?" Ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Uwata, kin ji rabin farko, ba ki ji tukuna ba." Ranar da ta rasu wayarta ba ta huta ba, saƙonni daga ƙasashen da ban taɓa jin ta ambata ba, kuma fiye da mutum ɗaya ya rubuto wannan kalmar da Hausa, haka ta koya musu ita.

Mahaifina ya rasu bai kai hamsin ba. Ciwon suga da hawan jini suka haɗu suka kayar da shi, mutumin da bai taɓa yin ƙiba ba, bai san zaman banza ba. Goggo ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan an watse ta kira ni ɗaki, ta ba ni labarin da ba a bayarwa a gidanmu. Ta ce a shekarar farin nan Dada tana da cikinsa. Tun daga wajen Babura suka taho da ƙafa da ragowar shanu. Abin da aka samu, Dada sai ta ba yara, ita ta dafa ganye da dusa ta ce ta ƙoshi. Da aka haife shi, a faifai za ka ɗora shi ya zauna daidai.

"Uwa ɗaya, uba ɗaya," in ji ta. "Ni da Hamma ga mu nan, ko zazzaɓi ba ya kama mu da kyau. Shi kaɗai ne ya kwana a cikin yunwa kafin ya ga duniya. Masu bincike a wasu ƙasashe sun lura cewa 'ya'yan da aka yi cikinsu a lokacin yunwa sun fi haɗuwa da irin ciwon nan in sun manyanta. Wannan na sani. Abin da ban sani ba, ya tsaya a kansa ne, ko ya wuce zuwa gare ki? In ya wuce, zai kai ga ɗanki? Kuma a ina yake gogewa?"

Na ce, "To yaya za a gane?"

Ta ce mutum yana daɗewa kafin ya ga jikansa, kuma ba a sa mutum yunwa don a gani. Amma kaza a shekara guda ta zama kaka.

Ba a daɗe ba ta ajiye aikin jami'a tun lokacinta bai cika ba, ta dawo Kazaure ta gina kewaye biyu. Ta samo kajin gida 'yan asali ɗaya ta raba su. Na gabas suna ci su ƙoshi. Na yamma ta rage musu abinci na tsawon lokacin saka ƙwai ɗaya tak. Daga nan duk abin da aka ƙyanƙyashe, gabas da yamma, abinci ɗaya suke ci har su bari. Zuriyar waɗanda suka ji yunwa ta ɗaura musu zare ja a ƙafa, zuriyar ƙosassu zare shuɗi, kuma ko zakara ba ya tsallake shinge. Duk ƙyanƙyasa ɗalibai su zo su auna 'yan tsaki, su ɗauki ɗigon jini su tafi da shi ɗakin gwaje-gwaje su duba makullan nan. Ni da nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a cikin gari, na zama mai riƙe mata tsako tana ɗaura zare.

A lokacin rage abincin ne suka ɓata da Baffa. Ya zo daga Roni a bayan babur da ƙwaryar kindirmo, ya zagaya bayan gida neman ta. Kajin yamma suka ruga jikin waya suna kuka. Mutumin da ya yi rayuwarsa da dabba ba sai an faɗa masa ba. Ya ɗebi gero a buhu zai watsa.

"Hamma, kada ka zuba!"

Ya tsaya da geron a hannu. "Me kika ce?"

"Aiki nake yi da su. Na auna musu abin da za su ci."

"Kin auna." Ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa. "Ke da kika ga saniyarmu tana lasar ƙasa har ta faɗi. Ke ce yau ga buhu a cike kike auna wa dabba yunwa? Wannan ne bokon? Wallahi haƙƙinsu zai bi ki har kabari."

Ta ce, "Na san akwai haƙƙi, Hamma."

"Kin sani kike yi, ya fi muni."

Ya mayar da geron, ya fita ko ruwa bai sha ba. Tun daga ranar bai ƙara wuce zaure ba. Zai zo gaisuwar Sallah, ta fito su gaisa a zaure, ya bar kindirmo ya tafi. Na roƙe ta ta faɗa masa dalili. Ta ce tun da aka binne autansu, Hamma bai taɓa iya ambaton sa ba, ba za ta tone masa ciwo don ta wanke kanta ba. Na ce wannan taurin kai ne. Ta ce eh, a gida ta same shi, ni ma in duba nawa. Abin da na lura da shi, duk tsawon makonnin nan sau ɗaya take cin abinci a yini. In na yi magana sai ta ce ba ta jin ci.

Ƙwan da ya yi saura kuwa ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ta sa a dafa a kai wa masu ciki. A wasu gidajen ana hana mai ciki ƙwai, wai ɗan zai yi girma ya ba da wuya, ko ya taso da ɗauke-ɗauke. Goggo takan je da kanta, ta zauna a gaban uwar miji, ta ɓare ƙwan ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Ci a gabana. In ya yi sata a kawo mini shi." An yi ta gulmarta, daga baya kuma aka riƙa aiko yara da kwano.

Ciwonta na ƙarshe bai daɗe ba. Ina zaune a bakin gadonta da la'asar, ta tambaye ni ko kazar nan ta jan zare mai wake-wake ta fara kwanci. Na ce ta fara. Ta ce, "Uwata, kada su gauraya. Saura kaɗan a fara ganin inda abin ya dosa." Sannan ta kama wuyan hannuna ta dube ni sama da ƙasa. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, na fari, bayan shekarun jira, kuma ban da mai gidana ba wanda na faɗa wa. Ba a faɗar irin wannan ga manya. Ta yi murmushi ta ce, "Ba zato nake yi ba, gani na yi. Ki riƙa cin ƙwai." Ban ɗago kaina ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe mai tsawo.

Da safiyar sadakar uku na shigo gidan na tarar an hura murhu, manyan tukwane biyu na ruwan zafi suna tafasa. Ba na shinkafa ba ne, na figar kaji ne. Baffa yana tsaye a bayan gida, karon farko da ya wuce zaure tun ranar geron, yana wasa wuƙa a dutse, 'ya'yansa maza biyu suna jiran umarni. Raina ya ɓaci.

Gaskiya tana hannunsa ta fuskar shari'a. Goggo ba miji, ba ɗa, ba iyaye, Baffa ne kaɗai magajinta. Gidan nasa ne, kajin nasa ne, ni ko gashin kaza ba ni da shi a ciki. Babban ɗalibin Goggo ya riga ni zuwa, yana ta bayani, rabi Hausa rabi Turanci, yana maganar zuriya da shekarun da za su tafi a banza. Baffa ya bar shi ya gama.

"Malam, na gode da ka zo. Malamarka ce, na ji. Ni ƙanwata ce. Ta ɗauki haƙƙin dabbobin nan, yanzu tana inda ba ta iya sauke shi. Zan yanka su duka a ciyar da mabukata da sunanta, ko Allah ya sassauta mata. Kai kana da abin da ya fi wannan da za ka aika mata?"

Ni kuma a nan na gane ba fushi ne ya kawo Baffa da wuƙa ba, tsoro yake ji mata. Na tausaya masa har cikin raina, amma na wuce na tsaya a ƙofar kewayen yamma na jingina bayana da ita.

"Uwata, matsa."

"Baffa, ka yi mini afuwa, ba zan matsa ba sai ka ji ni."

Matan da ke bakin murhu suka bar abin da suke yi. Inna ta taso tana kiran sunana ƙasa-ƙasa. Na durƙusa a inda nake, ban bar ƙofar ba. Na ce masa waɗanda aka sa yunwa sun daɗe da mutuwa, waɗannan jikokin jikokinsu ne, ba su taɓa kwana da yunwa ba. In an yanka su yau, yunwar kakanninsu ta tashi a banza, shi ne haƙƙin zai yi nauyi. Sannan na faɗi abin da Goggo ta hana ni faɗa tana raye. Na ce saboda Baba ta fara. Saboda cikin da Dada ta ɗauko daga Babura tana cin ganye. Tana so ta san ko abin ya tsaya a kansa.

Hannunsa ya tsaya a kan dutsen. Ya ce, "Ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ta ce ba za ta tone maka ciwo ba."

Ya girgiza kai. "Wanda ya tafi ya tafi, Uwata. Kaza ba za ta dawo mini da shi ba. Ita kuwa tana buƙatar sadaka yau. Tashi."

Na ga ya miƙa wa babban ɗansa hannu a buɗe ƙofar gabas. Abu ɗaya ya rage mini, kuma abu ne da 'yar gidanmu ba ta faɗa ko da za a yanka ta. Mu da ko sunan ɗan fari ba ma kamawa. Na runtse ido.

"Baffa, ina da ciki."

Inna ta ce, "Ke!" ta rufe fuska da mayafi. Wata ta yi salati. 'Ya'yan Baffa suka sunkuyar da kai, farfesa ya juya baya. Baffa ya kawar da fuskarsa zuwa bango. Kunya ta rufe ni har na ji kamar ƙasa ta tsage, amma tunda na fara sai na ƙarasa.

"Ba don wanda ya tafi ba ne kaɗai. Ni 'yarsa ce. Ina so in san abin da na ɗauko, da abin da zan miƙa. Ba ni kaɗai ba, duk wanda aka yi cikin ubansa ko uwarsa a shekarar nan, daga nan har iyaka, yana da jika yanzu. In akwai abin da za a yi musu tun suna ciki, amsar tana ƙafar kajin nan. In an same ta, Baffa, ladan zai riƙa isa gare ta bayan an manta da naman yau."

Baffa yana fuskantar bango ya fara magana, muryarsa ba irin wadda na sani ba.

"Ni ne na ɗauki kayan Dada a hanyar nan. Ina saurayi, yunwa tana cina. Ta miƙo mini nata abincin ta ce ta ci tun ɗazu. Na san ba ta ci ba. Na karɓa."

Ya goge wuƙar a gefen rigarsa ya mayar da ita kube. Ya ce da babban ɗansa ya hau babur ya je Roni, ya sa a ɗoro ragunan nan biyu a mota kafin azahar, su za a yanka. Ya ce da farfesa gidan yana nan, kajin suna nan, ɗalibai su zo lokacin da suka saba, amma da sharaɗi: muddin yana numfashi ba za a sake rage wa ko ɗaya ƙwayar hatsi ba. Farfesa ya ce ai ba a buƙata, an wuce wajen. Baffa ya ce shi dai ya faɗa.

Sannan ya juyo, bai dubi fuskata ba, ya dubi ƙasa kusa da inda nake durƙushe.

"Uwata, kin karya?"

Na ce, "Tukuna, Baffa."

Ya ɗaga murya yadda duk gidan ya ji. "Ku bar komai ku ba ta abinci. Yanzu. A gabana." Ya tsaya nan har aka kawo kunu da dafaffen ƙwai, na ci ina hawaye, yana kallon bango yana sauraron ƙarar ludayi.

An yi arba'in makon jiya. Mun tare a gidan Goggo ni da mai gidana, da izinin Baffa. Mai wake-waken nan ta ƙyanƙyashe, na ɗaura wa 'ya'yanta zare ja da hannuna, ƙulli biyu yadda ta koya mini, ba matsewa ba sakewa. Ɗalibai sun zo sun auna sun ɗauki jini. Zan ci gaba da koyarwa da safe, in yi kaji da yamma, kuma na nemi komawa karatu a hannun babban ɗalibinta bayan na sauka lafiya. Ya ce in shirya tsanarsa. Na ce na shirya, ya dai shirya kwanon abincin.

Baffa yana zuwa duk ranar kasuwa da kindirmo da ɗan buhun gero. Yanzu ba ya tsayawa a zaure. Yakan wuce kai tsaye kewayen yamma, ya tsuguna ya daɗe yana kallon masu zare ja suna tsattsaga. In zai tashi sai ya ce, "To, me aka gani?" In ce, "Ba mu sani ba tukuna, Baffa." Ya ce, "To a ci gaba da dubawa."

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ka san abin da ta rage wa bayinka marasa baki, ka san abin da ta rage wa kanta, ka kuma san dalili. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da Dada da autansu a inda ba a jin yunwa. Mu kuma ka ba mu tsawon rai da lafiyar ido, shingen nan yana tsaye, har mu ga abin da ta tafi ba ta gani ba.